Kazar da Aka Zuba wa Ƙwan Zabi

Akwai tatsuniyar da har gobe ban yafe wa ba. Mutum ya yi gaba da mutum, wannan an saba gani. Ni da tatsuniya nake gaba, kuma kakata Hajjo ce ta haɗa mu, Allah Ya jiƙanta da rahama.

A Manfuha aka haife ni, nan kudancin Riyad, a wani tsohon bene da iyalai da yawa ke raba matakala ɗaya da tankin ruwa ɗaya. Hajjo ta baro ƙauyensu na wajen Daura tun tana da ƙuruciya, ta zo aikin hajji, zama ya kama ta, ta haifi uwarmu da Kawu Ɗanlami a ƙasar nan. Larabcinta bai wuce na ciniki a shagon unguwa ba, kuma ba ta nemi ya wuce ba. In sanyi ya shigo, irin sanyin Riyad mai shiga ƙashi ba sallama, sai ta sa a hau mata da kasko saman bene bayan sallar isha'i, ta hura gawayi, ta zuba gyaɗa a gefen toka. Wani maƙwabcinmu ɗan Yaman kullum sai ya leƙo yana ƙorafin hayaƙi na ɓata masa shanya. Hajjo ta cika masa tafin hannu da gyaɗa, ya sauka yana gunaguni yana ɓarewa.

Doka ɗaya ce a bakin wutar nan: ba a Larabci. "Wanda harshensa ya zame," in ji ta, "ƙafarsa ta bi matakala." Mu kuwa 'ya'yan titin Manfuha ne, da Larabci muke wasa, da shi muke faɗa, da shi muke mafarki. Duk Hausar da kuke gani ina rubutawa yau a bakin kaskon nan na tsince ta, da tsoron kada a kore ni. An kuma sha korar tawa, don ni tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami. Yayata Saude ba a taɓa korarta ba. Ita ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba.

Hajjo ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa bakin kasko da ƙarfen tonon wuta ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya, na Gizo da na kura, amma akwai ɗaya da in ta zo kanta sai ta tsuke fuska, ta riƙa tsokalar garwashi kamar ya yi mata laifi.

Wai wata mata ce ta je gona da damina, ta ci karo da ƙwan zabuwa a cikin ciyawa. Zabuwa gwanar zuba ƙwai ce, amma reno ba nata ba ne, sai ta ja 'ya'ya cikin raɓa su mutu tana gaba tana surutu. Shi ya sa mutanen karkara ke kwashe ƙwan su zuba wa kaza. Matar nan ta kwaso su a bakin zane. A gida tana da wata kaza wake-wake da ta fara kwanci. Ta ɗaga ta, ta kwashe nata ƙwan ta dafa wa yara, ta jera na zabuwa a gurbinsu, ta mayar da kazar ta kwanta.

Ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa kafin ya fashe. Sauran kaji suka ƙyanƙyashe, suka fito tsakar gida da 'yan tsakinsu suna taƙama, ita tana nan kwance. Su biyo ta bakin akurki su ce, "Wake-wake, wai duwatsu kike kwanci?" Gashin ƙirjinta ya zube, ta rame har iska na iya ɗaukarta, ba ta tashi ba sai da ƙwan suka fashe.

Na tuna a nan na katse ta. "Hajjo, ta san ba nata ba ne?"

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa, Ma'u. Kaza ba ta da wayo, amma ba makauniya ba ce. Ta ga zane a bayansu, ta ga jar ƙafa. Ta sani sarai. To sai me? Sanyi suke ji."

Ta rene su. Ta nuna musu tono, ta nuna musu inda ruwa yake, ta yi dambe da shirwa a kansu har ta rasa gashin jelarta. Su kuwa ba su da zama, gudu suke kamar an kunna musu wuta, tana binsu tana haki. Da suka fara girma, in magariba ta yi sai su haye bishiya, ba wanda ya koya musu, ita tana ƙasa tana kira su sauko akurki. Ran nan da kaka, an yi girbi, sai zabin dawa suka yi kuka daga bayan gari. 'Ya'yan suka ɗaga kai gaba ɗaya. Suka buɗe fiffike, suka tsallake danga. Kaza kuwa ba ta tsallake danga.

"Ta tsaya gindin danga tana kira har duhu ya shiga," in ji Hajjo. "Matar gida ta fito ta kora ta akurki da tsintsiya, ta ce, shige, baɗi akwai wasu ƙwan." Sai ta jefar da ƙarfen a gefe. "Baƙuwa ta tafi. Wanda bai gaisa da ita ba, shi ya so."

Ni a lokacin ɓangaren zabi nake. In tashi in buɗe hannuwa in zaga saman bene ina kuka irin nasu, don manya sun gaya mana mu ma muna da wata ƙasa can, wata rana za ta kira mu. Haka duk manyan gidan suka ɗauki tatsuniyar: komai daɗewarka a ƙasar wani, jininka ya san hanya. Saude ce kaɗai ta taɓa tambaya, cikin 'yar muryar nan tata, ko an ba kazar ruwa a daren. Hajjo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɓare gyaɗa ta sa mata a baki.

Shekaru suka tafi da Hajjo, suka tafi da uwarmu. Saude ta auri Sabi'u, direban babbar mota a Dammam, ta haifi 'ya mace, ba ta ga ranar suna ba. Aka sa wa yarinya Hanan. Sabi'u kullum yana kan hanya, danginsa suna Najeriya, sai aka waiga aka ga ni. Ba wanda ya tambaye ni, miƙo mini ita aka yi cikin tawul. Wanda zai aure ni a lokacin ya ce shi ba zai fara zaman gida da goyon wani ba, na ce ya kama gabansa, hanya ta fi shi faɗi. Na goya ta, na yi jinyar haƙoranta, na kai ta makaranta. Yumma take kirana, yadda 'ya'yan garin nan ke kiran uwa.

Sabi'u ba mugu ba ne, kada in ɗau alhakinsa. Yakan zo da Sallah da takalmi a leda, kullum ko ya yi mata kaɗan ko ya yi mata yawa. Amma iƙamar Hanan, takardar zamanta a ƙasar nan, a jikin tasa take rataye. Bana tana shekara goma sha ɗaya kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya sayar da motoci, ya buga masa fita ta ƙarshe. In uba ya fita, 'ya ta fita. Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya cinye, ko'ina tambaya ɗaya: ke mece ce a wurinta? In ce ƙanwar uwarta. Sai a ce Allah Ya ba da haƙuri.

Kawu Ɗanlami ya zo lallashina, da bai zo ba da ya fi. Ya zauna ya sha shayina, ya gyara murya. "Ma'u, ki tuna tatsuniyar Hajjo. Zabuwa ko a ƙarƙashin kaza ta tashi, dawa take komawa. Yarinyar nan tana sauka Kano jikinta zai ba ta ta zo gida. Naka sai naka. Ke ma sabo ne ke damunki, sabo kuwa turken wawa ne."

Na ce, "Kawu, kai da aka haifa a Riyad, gemunka ya yi fari a Riyad, me ya hana naka jikin ya ba ka?" Ya ce ba ni da kunya. Na ce an daɗe da sani.

A wannan makon ne kuma aikina ya zo ya taka mini ciwo. Ina koyar da Turanci a wata 'yar cibiyar harsuna a Malaz. Ajin da nake da shi da la'asar mata uku ne masu jin Sifaniyanci, duk ma'aikatan jinya, sun zo aiki asibiti inda likitoci da Turanci suke magana. Ni ba na jin harshensu, su ba sa jin Larabci, littafi ne ke shiga tsakaninmu, Turanci a gefe ɗaya Sifaniyanci a gefe ɗaya. Darasin da ya faɗo ranar shi ne kalmomin halin da ake haifar halitta da shi, da na abin da zuciya ke rayawa kafin hankali ya iso. Kalma ga abin da jariri ke yi ba a koya masa ba, kamar kama nono da damƙe yatsa. Kalma ga halin da aka gada. Kalma ga abin da mu muke cewa jikina ya ba ni. Da wata ga abin da aka maimaita har ya zama jiki.

Kalmomin sun yi kama da nasu, don haka karantawa ba ta ba su wuya ba, suka bi su tiryan-tiryan suna murna. Sai muka zo inda ake raba misalai gida biyu, na haihuwa da na koyo. Gizo-gizo da saƙarsa, na haihuwa. Tuƙin mota, na koyo. Tsuntsu da sheƙarsa, na haihuwa. Sai ga wani misali: mace ta farka kafin jaririnta ya yi kuka. Littafin ya sa shi a gidan haihuwa, hankalinsa kwance. Na tsaya ina kallon layin. Ni da ban taɓa naƙuda ba, shekara nawa na yi ina farkawa kafin Hanan ta motsa? Wane ne ya rubuta wannan, kuma jarirai nawa ya kwana da su? Na ce kowace ta gina jimla da kalma ɗaya.

Pilar ce ta fara. 'Yar Kolombiya ce, tana aiki a ɗakin jarirai sabbin haihuwa, mace mai fara'a, kullum da alewa a jaka. Ta lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana duba littafi tana duba fuskata. Abin da ta ce da Turanci shi ne: "Ɗana zai gane ni in na koma. A cikin jininsa yake, ba sai an koya masa ba."

Ban san tana da ɗa ba. Na tambaye ta shekararsa nawa, ta ce huɗu, ta baro shi bai fara tafiya ba. Na ce wa ke riƙe da shi? Ta ce yayarta.

Na ce, "Jimlarki daidai ce, ba kuskure ko ɗaya. Yayar taki fa, wace kalma za mu ba ta?"

Ba ta gane ba, ta ɗauka darasi ne, ta shiga duba littafi tana neman kalmar. Na ce kada ta wahalar da kanta, babu ita a ciki. Na ce wadda ta tashi da shi in zazzaɓi ya kama shi, wadda ta san kukan yunwa ta san na rigima, ranar da kika koma kika ɗauke shi, an tambaye ta? Muryata ta hau har na ji na ajin kusa sun yi shiru. Ɗaya daga cikin matan ta fassara mata da harshensu. Pilar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan littafin. Can ta ɗago ta ce, da Turancinta mai ɗingishi, in ba ta yarda zai gane ta ba, da me za ta tashi ta tafi aiki da safe?

Fushina bai sauka ba. Ga zabuwa a gabana, ba ta yi kama da ta tatsuniya ba, ba surutu ya ɗauke mata hankali ba, neman abin da ɗan zai ci ne ya jefo ta wata uwa duniya. Na rasa wanda zan huce a kansa. Muka ƙarasa darasin, suka maimaita kalmomin a bayana har bakinsu ya faɗa, na ba su aikin gida.

Ranar tafiya muka ɗunguma Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. A mota Kawu ya dage yana koya wa Hanan gaisuwar manya, wai ta ce ina wuni, ta ce ina gajiya, sai ka ce ana fafe gora ranar tafiya. Hausarta ba ta wuce ta aike ba. Ta kau da kai tana kallon taga. A bakin inda ake rabuwa Sabi'u ya miƙo hannu zai kama nata, ta fizge ta ce, "Ma abi," wato ba na so, da ƙarfin da ya sa mutane suka waigo. Ba ta yi kuka ba. Ta tsuke baki, ta saɓa jakarta, ta wuce gaban ubanta tana taka ƙasa kamar za ta fasa ta.

Na ja Sabi'u gefe ina so in gaya masa yadda ake bi da ita in ta hau irin wannan dokin zuciya. Ya ce, "Haba Asma'u, 'yata ce fa. Jinina ce, zan gane ta." Kawu kuwa ya matso kunnena yana cewa, "Kin gani? Ko waigowa ba ta yi ba." Da ba a cikin mutane muke ba, ban san abin da zan gaya masa ba. Wannan tafiyar ba ta ɗoki ba ce. Saude ba ta taɓa taka ƙasa haka ba, Sabi'u ma haka. Tafiyata ce, fushina ne, a ɗakina ta ɗauke shi, kuma da shi za ta shiga gidan da ba wanda ya san makamarsa.

Tun daga ranar nake juya tatsuniyar Hajjo a raina. Kawu ya riƙe zabi, ni na yi shekaru ina ganin kaina a kaza, amma yanzu ina zaton matar gidan ce Hajjo take nufi. Wadda ta ɗaga kaza ta sauya mata ƙwai ba shawara, ta ci moriyar ɗuminta, sannan ta kira abin da ya biyo baya hali. Masu cewa hali zanen dutse ne, galibi su ne ba su kwanta a kan ƙwan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, Hajjo ta tsayar da labarin a gindin danga. Ba ta taɓa bin 'ya'yan nan dawa ta gaya mana abin da suka tarar ba. Sun san tashi, na yarda, da shi aka haife su. Wa ya gaya musu inda ruwa yake a can?

Bayan 'yan makonni, da rana tsaka ina shirin shiga aji, wayata ta yi ƙara. Sabi'u ne daga Kano. Muryarsa ta faɗa, ko gaisuwar kirki bai iya ba.

"Asma'u, yarinyar nan ta kulle kanta a ɗaki. Ba ta ci, ba ta magana. Innata ta yi lallashi, ni na yi faɗa, na saya mata kaya, ko kallonsu ba ta yi ba. Don Allah me ake yi mata?"

Maganganu suka cika mini baki. Ina jinin? Bai gaya maka ba? Na tanade su tun filin jirgi, na wasa su, ga shi ya kawo wuyansa da kansa. Amma can bayan wata ƙofa da ban taɓa gani ba akwai yarinyar da ba ta ci abinci ba. Na haɗiye maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ka kori kowa daga bakin ƙofar. Kada ka lallashe ta, kada ka yi mata wa'azi, in ka ce ta yi haƙuri ka ɓata komai. Ka dafa shayi da madara, ka ajiye inda za ta ji ƙamshinsa. Ka shimfiɗa tabarma ka zauna, ka jingina da ƙofar yadda za ta san kana nan. In ta zage ka da Larabci, kada ka nemi fassara, alamar ta kusa buɗewa ce."

Ya ce, "To har yaushe zan zauna?"

Na ce, "Ni tun tana cikin tawul nake zaune, Sabi'u. Je ka fara."